Ranar da Muka Yi wa Inna Sadakar Arba'in Tana Zaune

Surukata ta rasu a Mina, rana ta biyu ta jifa, aka binne ta can. Haka takardar ta ce. Lokacin da malamin unguwa yake karanta ta a zauren gidanmu na Makera, surukar tawa tana tsakar gida tana tsince wake, ni ina gefenta ina fama da ɗanyen ice. Duk abin da ake faɗa tana ji, don zana ce kawai tsakaninmu da zauren. Ba ta ɗago kai ba sai da ta gama da abin da ke cikin faifan. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ungo, jiƙa."

Bari in koma baya, kada a ce tsufa ya sa na ruɗe.

Shekarar da ake ɗora rufin masaƙar Kakuri ne. Makera a lokacin gidaje ne jefi-jefi, gonakin masara a tsakaninsu, sai layin dogo. Mijina yana cikin masu gyaran layin, sai ya yi kwana goma a daji ba mu gan shi ba. Yawanci mu biyu ne a gidan, ni da uwarsa, sai 'yata da nake goyo. Inna nake ce mata, haka ma duk unguwa. Ƙosai take toyawa a bakin hanyar da leburori ke bi da safe, da wannan kaskon ta tara kuɗin Makka. Ban san shekara nawa ta yi tana tarawa ba. Na dai zo gidan na tarar ana yi.

Jirgin sama bai daɗe da fara ɗaukar alhazai daga Kano ba. An gaya mata wuni ɗaya za ta yi a hanya, bayan wata guda da 'yan kwanaki kuma ta dawo. Ta ji, amma ba ta yarda ba. Ita Makkar da ta sani ta masu tafiya da ƙafa ce, waɗanda ke bi ta Barno su ɓace shekara bakwai, wani ya dawo da furfura, wani ko labarinsa ba a ƙara ji. Irin sallamarsu ta yi. Ta bi gida-gida tana neman gafara, har gidan mahaucin da suka yi shekara uku ba sa ga maciji. Ta rabar da kayanta kaf. Kaskon tuya ta ba maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, mutuniyar Kagoro mai zuwa coci, wadda mijinta ke zuba wa jirgin ƙasa gawayi. Gado ta ba wata bazawara. Ni na sami dutsen niƙa da tukwane biyu. Abin da ta rage wa kanta tabarma, buta, zane uku, da farin yadin likkafani da za ta tsoma a zamzam.

Na ce, "Inna, in kin dawo a kan me za ki kwanta?"

Ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki baki. Wa ya ce miki don a dawo ake zuwa?"

Ƙanenta ne muharraminta, tela ne a Tudun Wada, Kawu muke ce masa. Wurin ejan ɗaya suka biya, wani mai haƙorin Makka da ke da ofis a hayin gada, cikin gari. Shi ya karɓi fasfon kowa ya ɗaure wuri guda, wai kada tsofaffi su yar. Na Inna ba hoto, dangwalen yatsa ne kawai, don ta ƙi tsayawa gaban mai hoto, ejan kuma ya ce ba komai, mata da yawa haka suke yi. Muka raka su tasha, jirgin ƙasa na Kano ya tafi da su, na dawo na share ɗakinta na saki asabari.

Rana ta goma sha biyu, bayan azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, ina daka a tsakar gida sai na ga ƙafafu a ƙarƙashin asabarin ɗakinta. Daga ciki. Ban ji sallama ba, ban ji shigowar kowa ba, wataƙila ƙarar turmi ce ta hana. Na san ƙafafun, ni nake sa musu lalle. Na ajiye taɓarya na ɗaga asabarin. Tana tsaye ta ba ni baya, jikinta sharkaf, ƙunshinta a ka, tana kallon inda gadonta yake a da.

"Inna? Lafiya? Ina Kawu?"

"Jirgin ya cika," ta ce.

Sai da ta sha kunu na samu labarin, shi ma gutsure-gutsure. A filin jirgi maza aka fara kira, Kawu ya shiga. Mata suka yi layi. Wani mai gajeren wando yana ƙirga kawuna, yana taɓa kafaɗar kowace da sanda. An zo daf da ita sai wani mutumin ejan ya riƙo wata mata daga gefe, mai koren mayafi, tana jan ƙafa kamar mara lafiya, ya sa ta gaban Inna. Matar ta waigo ta ce, "Sannu, Yaya." Aka taɓa kafaɗarta ta wuce. Sandar ta sauko a gaban Inna, aka ce gobe. Su bakwai aka bari. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata, suna kwana a rumfa, har aka zo aka ce musu Jidda ta rufe ƙofa, bana an gama. Ta nemi fasfonta, aka ce yana hannun ejan, ejan kuwa ya koma Kaduna. Wata mai sayar da tuwo ce ta tausaya ta sa ta a jirgin ƙasa.

Yanzu ana cewa in jirgi ya bar ka alhali ka biya, dole kamfani ya ciyar da kai, ya ba ka masauki, ya sa ka a wani jirgin ko ya biya ka. Na ma karanta da idona, don na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki na koyi baƙi. Ko a wancan lokacin akwai irin wannan doka, ban sani ba. In akwai, da Turanci take, a bayan wata takarda da ba a hannunmu take ba. Mu abin da muka sani "Allah bai yi ba," kuma shi mijina ya faɗa da ya dawo daga daji. Ya je ofishin ejan sau ɗaya, aka ce ya bari alhazai su dawo, ya ce to. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ko akuya ce ta taka masa ƙafa shi zai ba ta haƙuri.

Mutanen unguwa suka rasa gaisuwar da za su yi mata. Ba a ce barka da dawowa, don ba ta je ba. Ba a ce Hajiya. Jaje kuma na wanda ya yi gobara ne. Sai su shigo su ce, "Sannu, Inna," su zauna suna kallon bango, su tashi. Maman 'yan biyu ta dawo da kaskon a kanta ta ce, "Mama, ga kayanki, leburori sun dame ni da tambaya." Inna ta ce abin da ta bayar ta bayar. Bazawarar kuwa ko tayin dawo da gado ba ta yi ba.

Muna cikin haka aka yi Babbar Sallah. Bayan kwana tara masinjan gwamnati ya zo a keke da takardar da na faɗa da farko. Malam ya karanta, bakinsa ya kama "Inna lillahi" don sabo, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya yi gyaran murya ya ce kuskuren masu ofis ne, kada kowa ya ɗaga hankalinsa. Amma masinjan ya riga ya tambayi gidan mamaciya a wuri uku kafin ya iso. Kwana biyu tsakani dangi suka zo daga Zariya, tun daga ƙofar gida suke salati, suka shigo suka tarar da ita tana alwala. Ɗaya ta fita da gudu ta bar takalmanta, har yau ba ta dawo ɗauka ba.

Daga nan aka fara ƙus-ƙus. Wa ya ga Inna a tasha ranar da ta dawo? Ba kowa, ana ruwa. Wa ya ji sallamarta? Labarin ƙafafu a ƙarƙashin asabari kuwa ni na baza shi da bakina a bakin rijiya, ina ba da shi ana dariya. Yanzu aka daina dariyar. Aka daina zuwa ɗibar wuta gidanmu. Mata in sun hango ta sai su juya goyonsu gefe. Ba zan yi ƙarya ba, ni kaina, da duk bakin nan nawa, na taɓa tsayawa da rana tsaka ina duba ko tana da inuwa. Tana da ita, 'yar guntuwa, a ƙarƙashin ƙafafunta.

Ita ba maganar mutane ce ta dame ta ba. Abinci ta fara barin. In na kai mata tuwo sai ta ci loma biyu ta ture.

"Rabona a nan ya ƙare, yarinya. Na wani zan ci."

"Na wa? Ni na daka, ɗanki ya sayo."

"Kabarina aka ba wata," ta ce. "Ni na nema, ita ta samu."

Wata safiya na fito na ga ta wanke likkafanin ta shanya a igiya tare da tsumman 'yata. Na gane cewa in ba a mayar mata da kujerarta ba, kafin kaka takardar nan za ta zama gaskiya.

Kawu bai san komai ba, ba mu da hanyar aika masa. A Jidda an ce masa yayarsa tana jirgi na gaba. Ya neme ta a Makka, ya neme ta a Arfa. A Mina ya je tantin da ake rubuta mutanenmu, aka duba aka ce ta iso, zafi ya kayar da ita, an riga an binne. Aka miƙa masa ƙunshin kayanta. Ya yi kuka, ya yi mata ɗawafi. Da ya sauka a tashar Kaduna ko gidansa bai je ba, kai tsaye ya yo Makera ya kawo mana gaisuwa da kayan.

Da hantsi ne. Ya yi sallama da muryar da ake yi wa gidan mutuwa, ya shigo kansa a ƙasa yana cewa, "Sai haƙuri, 'yata, sai haƙuri." Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ka dawo, ɗan nan? Ka rame." Ƙunshin ya faɗi. Kawu bai yi ihu ba, bai gudu ba. Ya ja da baya har ya jingina da rumbu, ya zame ya zauna a ƙasa da sabuwar rigarsa, bakinsa yana motsi. Na kawo ruwa. Ya sha, sannan ya ce, "Yaya, to wa na yi wa kuka?"

Ni na kwance ƙunshin. Buta ƙarama, carbi, zane biyu, kwalbar magani saura rabi, gwangwanin zamzam, da awarwaro huɗu na yara, kowanne da girmansa, an naɗe a tsumma. A ƙasa koren mayafi. Inna ta ɗauke shi ta shinshina, ta ninke a cinyarta tana shafawa.

"Ta ce mini sannu," ta ce.

Washegari na goya 'yata, na kama hannun Inna, muka haye gada a ƙafa. Kogin ya cika, ja wur, yana tafe da rassan itace. Ofishin ejan ɗaki biyu ne da baranda. Akawun wani ɗan kudu ne mai tabarau, Hausarsa gauraye. Ya buɗe babban littafi ya ce, "Sunan fasinja?"

Na tsaya. Suruka ba ta faɗin sunan uwar miji, shekara shida ina gidan ban taɓa ba, ko mai irin sunan na haɗu da ita sai in ce mata takwarar Inna. Na dubi Inna ko za ta faɗa da kanta, tana kallon ƙasa.

"Madam, in ba suna ba magana. Mutane na jira."

Na faɗa. Ji na yi kamar na kwance zani a tsakiyar kasuwa. Inna ta zabura ta dube ni ta ce, "Mara kunya." Rabon da in ji ƙarfi a muryarta haka tun kafin tafiya, har daɗi na ji.

Akawu ya bi layi da yatsa. "Wannan ta tafi. Ta ma mutu. Sori, madam."

"Ga ta nan tsaye a gabanka."

"Ni littafi na sani."

"To littafin ne zai ci tuwo a gidana ko ita? Cire gilashin ka duba da kyau!"

Hayaniyata ta fito da ejan daga ɗakin ciki. Ya yi murmushi, haƙorin ya haska. Ya gaida Inna da ladabi, "Iya, ina gajiya," don ya gane ta sarai. Sannan ya juyo gare ni.

"Baiwar Allah, kamfani ya sayar da kujera, an zauna a kanta, an kai an sauke. Mai kujerar ta rasu, gwamnati ta rubuta. Kamfani ba ya ɗaukar mamaci, ba ya kuma biyan mamaci. Wace shaida gare ki cewa wannan tsohuwar ce mai sunan? Kawo fasfonta in gani."

"Fasfon da ke hannunka?"

"Fasfon yana Makka tare da mai shi."

Na zage shi, ban bar komai ba, har kakanninsa. Ya bari na gama ya ce Allah ya shirye ni, ya koma ciki.

A kan gada, wajen dawowa, Inna ta tsaya ta leƙa ruwan. Ta daɗe. Na riƙe gefen zanenta ba tare da ta sani ba. Can ta ce, ba wasa a muryarta, "Za ku yi mini sadakar arba'in kuwa? Wancan ba zai tuna ba." Ɗanta take nufi.

Na buɗe baki zan ce ta daina wannan magana, sai na rufe. Na ce, "Za mu yi, Inna. Amma ba a gida ba."

Na je wurin Malam ya ƙirga mini daga ranar da takarda ta faɗa. Arba'in ta faɗo ranar Litinin. Da na gaya masa inda za a yi, ya ce, "Ke, wannan wasa da addini ne. Ba a yi wa mai rai."

Na ce, "Malam, wata ta mutu a Mina ko ba ta mutu ba?"

"Ta mutu."

"An yi mata ta uku? An yi mata ta bakwai? Mutanenta ma sun sani?"

Ya ja gemu. Ya ce ƙarfe nawa.

Na daka gumba. Maman 'yan biyu ta ce ba za ta ba ni aron kasko ba, da kanta za ta zo ta toya, ta ga ƙarshen abin. Kawu ya zo da rawanin da ya sayo a Makka. Mijina ya ce yana da aiki, amma da muka kai tsakiyar gada na waiga na hango shi can baya, ɗauke da itace.

Mun dace da rana. Akwatunan alhazai da suka makara sun iso, barandar ofishin cike da masu karɓa, ga kuma masu son rubuta suna don baɗi. Na shimfiɗa tabarma a gaban ƙofar, na zaunar da Inna a tsakiya, na ajiye likkafaninta a ninke a gabanta, da takardar gwamnati a kai, na danne da dutse. Maman 'yan biyu ta kafa duwatsu uku ta hura wuta. Malam da Kawu suka zauna gefe suka fara jan carbi. Ƙanshin mai ya tashi, mutane suka matso.

"Wa ya rasu?"

"Ga ta nan," in ce. "Yau kwana arba'in. Ku yi mata gaisuwa da kanta, ba kullum ake samun haka ba. Mai ofishin nan ne ya kai ta Makka ya binne."

Da farko dariya aka yi. Wani ya ce, "Iya, ya ya can ɗin? Akwai sauro?" Inna ko ido ba ta ƙifta ba, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Wani mai karatu ya ɗaga dutsen ya karanta takardar da ƙarfi, Kawu ya ce shi aka ba kayan gawar da hannunsa. Dariyar ta mutu. Wani dattijo, ban san ko ruɗewa ya yi ba, ya durƙusa a bakin tabarmar ya ce, "Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta."

Inna ta ce, "Amin."

Na ga mutum biyu daga masu layin baɗi sun mayar da hannu aljihu sun sauka daga barandar.

Nan ejan ya aiko akawu ya kira ni ciki. Ya rufe ƙofa. Ba murmushi yanzu. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani fasfo sabo ya ajiye.

"Kwashe tarkacenki. Ga wannan, ba wanda ya yi tafiya da shi. Mai shi, likita ne ya ƙi sa mata hannu a bana, mutanenta suka matsa, aka taimaka mata. Yanzu ba ta bukatarsa. Baɗi Iya ta tafi da shi, kujera kyauta, ba wanda zai duba. Hajji dai hajji ne, Allah ya san mai shi."

"Wato Inna ta tafi da sunan gawa."

"Ai gawar ma da nata ta tafi. An yi musaya ke nan, ba wanda ya ci wani."

Na buɗe ƙofar da kaina. Na tsaya a baranda na maimaita wa jama'a duk abin da ya faɗa, kalma ba ta faɗi ƙasa ba. Ya biyo ni yana cewa mahaukaciya ce, a kira ɗan doka. Ɗan doka ya zo, ya ji bayani, ya rasa wa zai kama, Maman 'yan biyu ta miƙa masa ƙosai ya karɓa.

Cikin masu jiran akwati akwai wani babban ma'aikacin gwamnati, sabon alhaji. Ya ce a kawo masa littafin da fasfon da takardar. Ya duba su a tsaye, ya yi wa ejan magana da Turanci, gajeriya. Ban ji ba, amma na ga wuyan rigar ejan ya jiƙe. Sannan ya juyo da Hausa.

"Iya, me kike so? A mayar miki da kuɗinki, ko kujera?"

"Ba kuɗi na ajiye a wurinsa ba," in ji Inna. "Tafiya na ajiye."

Aka rubuta takarda a wurin, kujera a jirgin farko na baɗi, da sunanta na gaskiya, kamfani ne zai kai ta Kano ya kuma ciyar da ita har ta shiga. Ejan ya sa hannu, alhajin ya sa. Ni ban iya karatu ba a lokacin, saboda haka na sa Malam ya karanta wa jama'a sau biyu, na kuma sa wancan mai karatun ya sake, ko za a sami bambanci. Na ce, "Sauran shida da aka bari a Kano fa?" Alhajin ya ce za a duba. Ban san ko an duba ba.

Muna shirin naɗe tabarma Inna ta ɗaga hannu. "Ita fa? Ya sunanta?"

Akawu ya buɗe fasfon ya karanta. Suna ne irin wanda kowace unguwa akwai goma. Gari an rubuta Kano, ba unguwa, ba sunan miji, wanda ya biya mata kuma bai bar inda za a same shi ba. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a da wannan sunan, duk barandar suka shafa, har akawun. Aka raba gumba. Inna ta miƙa hannu cikin kwandon ta ɗauki ƙosai ɗaya ta ci, ta ɗauki na biyu, ta ce wa Maman 'yan biyu gishiri ya yi kaɗan.

Sai da muka je gaban alƙali da shaidu biyu kafin gwamnati ta soke mutuwar. Alƙalin ya dube ta ya dubi takarda ya ce, "Baiwar Allah, kina da rai?" Ta nuna ni ta ce, "Haka yarinyar nan ta ce." Ya ce wa magatakarda ya rubuta tana da shi.

Kawu ya je Kano sau biyu da awarwaron nan a aljihu yana tambaya a masallatai. Bai sami kowa ba.

Baɗi ta tafi. Wannan karon ta tsaya an ɗauke ta hoto, fasfonta kuma a lalitarta yake, a ɗaure a ƙugu. Ba ta nemi gafarar kowa ba, ta ce ta bara tana nan. Ta dawo bayan kwana talatin da wani abu, ta yi baƙi, ta yi tari, da ƙafafunta. Da masu barka suka watse na tambaye ta ko ta nemi kabarin. Ta ce ta nema, wani ɗan ƙasarmu mazaunin can ya kai ta. Fili ne kawai, da duwatsu ƙanana a jere, ba rubutu a kan ko ɗaya.

"To me kika yi?"

"Na yi sallama," ta ce. "Na tsaya zan kira suna, sai na rasa wanne ne a wurin, nata ko nawa. Na kira duka biyun."